Abin da Kainuwa Ta Rufe a Tafkin Marke

Goran Sahabi ya ɓullo shi kaɗai.

Ya turo kai daga ƙarƙashin kainuwa, ya ɗan juya a tsakiyar Tafkin Marke, ya tsaya cik. Babu hannu a kansa, babu ƙirjin da ya saba kwanciya bisansa. Mai ganga ya ɗaga hannu zai buga, ya manta bai sauke ba. Masuntan da ke jere a bakin ruwa, kowa da homarsa a kafaɗa, suka yi tsit, har ana jin kukan kurciya daga kan marken da tafkin ya ci sunansa.

Sai kainuwar ta fara haɗuwa. A hankali take tahowa, ganye na bin ganye, har ta shafe hanyar da Sahabi ya keta da ƙirjinsa. Ruwan ya koma kore shar, kamar ba a taɓa shigarsa ba.

"Yaya!"

Gambo ne ya yi ihun, ƙanen Sahabi. Shi ba mai shiga ruwa ba ne. Bandar kifi yake saye ya kai kasuwar Gusau, kuma da kwandunansa ya zo yau don ranar su ce, ranar da ake buɗe tafki kowa ya kama rabonsa. A al'adar unguwarsu, nan gefen Furfuri, ba mai jiƙa ƙafa sai Sarkin Ruwa ya fara shiga, ya zaga, ya mari ruwa da tafin hannu. Sahabi ne Sarkin Ruwa tun rasuwar babansu. Ya shiga, ya zaga. Da ya kai tsakiya sai aka ga ya leƙa ƙasa kamar wanda ya ji an kira sunansa, ya saki gora, ya nutsa. Shi ke nan.

Gambo ya watsar da kwanduna ya faɗa ruwa da rigarsa. Ruwa bai kai masa cinya ba ya ji an riƙe shi. Ba riƙon laka ba ne. Wani abu ne mai sanyi ya naɗe masa ƙwauri, ya ja ƙafa, abin ya ƙara ɗaurewa. Sai ya ji an shaƙo wuyan rigarsa ta baya.

"Sake ni, Yusha'u!"

"In sake ka Iya ta rasa biyu rana ɗaya?" in ji Yusha'u, taubashinsa, yana jan sa yana haki. "Kai da ko cikin kwatarniya sai an riƙe ka!"

Da suka zube a gaɓa, mutane suka ja da baya. Ƙafafun Gambo a naɗe suke da wasu zarurruka masu duhun kore, dogaye kamar gashin wutsiyar doki, ganyensu ƙanana a jere kamar haƙoran mataji. Wani tsohon masunci ya tsuguna ya ɗaga ɗaya da tsinke.

"Wanga ba kainuwa ba ne," ya ce. "Ba bado ba ne, ba gansakuka ba. Tun ina yaro nike cikin ruwan nan, ban taɓa ganin shi ba."

Wata mata daga baya ta ce, "Gashin ruwa ne." Sunan da ya bi shi ke nan.

Kainuwar kam kowa ya san asalinta. Bara, lokacin farin da ya kashe shanu ya kori mutane, Tafkin Marke ya ƙafe har sai da aka ga tsagin ƙasarsa. Mai unguwa Attahiru ya je ta'aziyya 'Yankuzo, can wajen Tsafe, ya ga wani kududdufi lulluɓe da kainuwa, da sauran ruwa a ƙasa. Ya ce ashe murfi ruwa ke so. Da damina ta ɗan zuba, ya aika aka ɗebo kainuwar a masaki, aka zuba a tafki ana addu'a. Ta yaɗu har ta rufe shi baki da baki. Mai unguwa ya kafa doka: ko ganye ɗaya kada a cire. Kowa ya yaba masa, har da Sahabi.

Abu ɗaya ne ya dami mutane kafin ranar su. Kainuwa iska take bi. In ta kaɗa gabas ta yi gabas, in ta juyo ta juyo. Amma 'yan kwanakin nan wani curi ya tsaya a tsakiyar tafki, zagayayye kamar faifai, iska na tura sauran shi ko gezau. Mai unguwa ya sa aka bi gida-gida, aka duba mutane, aka duba dabbobi. Ba wanda ya ɓace. Sahabi ya yi dariya ya ce ranar su zai leƙa ya ga ko aljanu ne suka kafa kasuwa. Kan wannan curin ya saki goransa.

Kafin azahar Iya ta iso, uwarsu. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, wadda ta binne tagwaye kafin ta haifi Gambo, ba ta da kowa sai su biyu. Ba ta yi kuka ba. Ta shimfiɗa mayafinta a gindin marke, ta zauna tana fuskantar curin.

"Iya, tashi mu tahi gida," in ji Gambo. "Rana za ta kashe ki."

"Nan zan zamna sai an hito da shi."

Wata ta miƙo mata moɗa. Iya ta leƙa ciki. Wata 'yar mitsitsiyar kainuwa, ba ta fi farce ba, tana yawo a kan ruwan. Ta ture moɗar.

"Ba ni shan ruwan da ɗana ke tsaye ciki."

"Wa ya ce miki tsaye yake, Iya?"

"Ni na haihe shi."

Rijiyoyin unguwar sun daɗe da ƙafewa. Tafkin nan shi ne shan kowa. Gambo ya dubi leɓunan uwarsa, ya dubi sararin bazara wanda ko ɗigon gajimare babu, ya san in bai fito da Sahabi ba, makara biyu za a ɗauka. Ya nufi mai unguwa kai tsaye.

"Baba, a yaye kainuwar nan duka. In ba a ga ruwa ba, ba a ganin mutum."

Attahiru dattijo ne mai sanyin magana, kuma shi ma idonsa ya yi ja. "Gambo, Sahabi ɗana ne kamar yadda kake ɗana. Amma in munka yaye murhin nan, rana ta shanye ruwa kahin damina, ina zan kai mata da yara? Bara ka ga abin da munka gani. A yanka hanya zuwa tsakiya, na yarda. Abin da anka yanka a bar shi ciki, kada ruwa shi yi tsirara."

Haka aka yi. Yusha'u ya tara samari da lauje, suka ɗaure igiya a ƙugu, suka shiga iya inda ƙafa ke taɓa ƙasa. Suka yi ta sara, kainuwa da gashin ruwa duka, suna turawa gefe. Suka sara har rana ta faɗi, suka wayi gari suka ci gaba. Duk hanyar da suka buɗe, kafin su juyo ta rufe. Suka zura gwangwala, ta shiga ta ƙi fita. Curin yana nan a tsakiya, bai matso ba, bai matsa ba. Ruwan kuwa ya fara sauya launi, ya koma kamar jiƙon kanwa, wani wari na tashi.

Wata safiya, bayan an fito daga sallar asuba, aka ji tafkin yana magana.

Ba ƙara ba ce. Raɗa ce, mai yawa, kamar jama'a sun cika masallaci kowa na motsa leɓe. Gambo ya ruga. Iya tana nan inda take, ta rame, ba abin da ke shiga cikinta sai ɗan nonon da mata ke ɗura mata da magiya. Ta nuna masa ruwa da haɓa.

Duk inda aka sare kainuwa, bakuna ne. Karfasa, tarwaɗa, manya da ƙanana, sun taso sun jera baki a saman ruwa, suna buɗewa suna rufewa. Ba sa gudun mutum. Kafin hantsi suka fara kifewa, fararen cikunansu a sama, ɗaya bayan ɗaya, raɗar tana raguwa har ta ɗauke.

Mata suka ajiye tuluna suka koma da gudu. Wasu suka ce masu ruwan ne suka yi fushi da lauje. Wani ya ce a yanka baƙin bunsuru, liman ya daka masa tsawa. Yusha'u ya zauna a ƙasa, laujensa tsakanin ƙafafu, wannan karon ko wasa bai iya ba.

Gambo ya ɗauki ƙwarya, ya sa kainuwa guda da damin gashin ruwa, ya rufe da faifai, ya taka zuwa Bungudu ya hau motar Gusau. A bayan motar, matar da ke kusa da shi ta toshe hanci ta ce, "Malam, gawa ka ɗauko?" Ya ƙara danne faifan.

A ofishin gona akwai wani malamin kifi, Malam Idris, wanda ya saba sayen banda wurin Gambo yana ƙorafin ƙaya ta yi yawa. Yana ganin sa ya washe baki.

"A'a, Sarkin Banda! Yau har ofis? In irin ta rannan ce, koma da abarka."

Gambo ya ɗaga faifai. Dariyar Malam Idris ta tsaya. Ya saurari labarin duka bai katse ba, sannan ya zuba ruwa a kwano, ya saki kainuwar a kai, ya hura ta da baki. Ta tafi gefe.

"Ka gani? Kafin ka yaƙi ciyawar ruwa, fara tambaya ina ƙafarta take. Wannan ba ta da ƙafa a ƙasa, saiwarta a ruwa take lilo, iska ce direbanta. Bado ƙafarsa na cikin laka, fuskarsa na sama. Wannan kuwa," ya ɗaga gashin ruwa, ya yi ta ɗagawa bai ƙare ba, "ba ya nuna fuska sam. Ƙarƙashi yake zama. Gutsurensa ne ya maƙale a saiwar kainuwar da kuka ɗebo, kuka kawo baƙo biyu kuna zaton ɗaya ne. Kun sare shi?"

"Mun sare."

"To kun shuka shi. Duk guntun da lauje ya raba, sabon tsiro ne. Abin da kuka bari a ciki kuma ya ruɓe, ruɓar ta cinye iskar ruwan. Kifi ma numfashi yake, Gambo. Ba magana suke ba, shaƙewa suke."

"Curin da ya ƙi motsi hwa?"

"In kainuwa ta tsaya iska na kaɗawa, wani abu ya riƙe ta daga ƙasa. Gashin nan in ya sami abin hawa, yana binsa har sama ya kama saiwarta. Kututture, ko sanda, ko..." Ya ajiye gashin ruwan. "Ka ce tun kafin yayanka ya shiga curin yake nan?"

"Tun kahin."

Malam Idris ya dube shi, ya kau da kai. Ya ce akwai maganin feshi da ake kawowa, amma ko yana da shi ba zai bayar ba, tunda ruwan sha ne. Ya koya masa abin yi. A ɗaura gwangwala baki da baki a kwantar a kan ruwa, a bi iska a kora kainuwa gaɓa kamar tumaki. A kwashe ta a kai kan fako, nesa, inda ruwan sama ba zai maido ta ba, ta bushe a ƙone. Gashin kuwa ba a yanka shi; a soka gwafa a murɗa kamar mazari, a jawo shi ɗungurungum. Duk homa da goran da ya taɓa tafkin, a shanya shi ya bushe ƙayau kafin ya ga wani ruwa.

"Mai unguwa ba shi yarda. Ya ce ita ke tsare ruwa."

"Kada ka yi masa musu. Ƙwarya biyu za ka cika daidai, ɗaya ka rufe ta da kainuwa, ɗaya ka bar ta haka, ka ajiye a rana inda kowa zai gani. Da na bi ka, amma motarmu tana kan duwatsu a gareji." Ya raka shi har ƙofa, sannan ya riƙe masa hannu. "Wani ya taɓa ɗibar kainuwar taku ya kai wani ruwa?"

"Ba wanda ya ɗiba. An hana ko ganye ɗaya."

"Madalla. Ta tsaya a kanku."

Kafin ya bar Gusau, Gambo ya cika galan a famfon tasha. Ya kai wa Iya, ya durƙusa ya ce wannan ba na tafki ba ne. Ta jiƙa yatsa ta shafa a leɓe, ta rufe galan ɗin ta jawo shi jikinta.

"Na wankan Sahabi ne," ta ce. Muryarta ta koma kamar ta kifayen nan.

Ya ajiye ƙoren biyu a ƙofar masallaci, ya sa liman ya shaida cewa daidai suke. Mutane suka yi ta wucewa suna leƙe. Yusha'u ya ce, "Gusau ka tahi neman magani, ka komo da wasan 'yan mata?" Amma shi ne ya zauna gadi, yana korar awaki.

Washegari bayan azahar mai unguwa ya fito daga masallaci ya tsaya a kansu. Ya ɗaga kainuwar da kansa, ya bari ta tsane a ciki. Ya tsoma yatsa a wannan, ya tsoma a waccan. Mai murfin ce ta fi yin ƙasa. Ya daɗe yana kallon ganyen da ke hannunsa, kore shar, ƙoshe da ruwa, a shekarar da ko geza ta bushe.

"Ashe sha take," ya ce a hankali. Ya tuɓe babbar rigarsa ya miƙa wa liman. "A kawo min kwando."

Unguwa ta fito kaf. Aka ɗaura gwangwala, aka ja ta da igiya daga gaɓa zuwa gaɓa, kainuwa ta taho tana tattarewa tana ƙara kamar ana taka busasshen kara. Mata suka yi layi da kwanduna zuwa fako. Maza suka soka gwafa suna murɗawa, gashin ruwa na fitowa dami-dami, wani sai mutum uku sun ja, ruɓaɓɓen kifi na zubowa daga cikinsa. Aka yi ta yi har duhu ya hana, aka koma da sassafe. Da hantsi ya ɗaga, sai ga fuskar ruwa, baƙa, tana ɗaukar hoton sama a karon farko tun bara.

Sai curin. Gwangwala ta bi ta kansa, ya sunkuya, ta wuce, ya ɗago. Yana nan shi kaɗai a tsakiyar baƙin ruwa, zagayayye, kamar ido.

Masunta suka tsaya suna kallon juna. Kowa ya san abin da ya rage, ba wanda ya motsa. Goran Sahabi yana gefe inda iska ta kawo shi. Gambo ya cire riga ya ɗauka.

"Kai?" in ji Yusha'u. "Ka taɓa hawan gora?"

"Ɗaura min igiyar."

Yusha'u ya ɗaura masa a ƙirji, ya ƙulla, ya sake ƙullawa. Ya rataya masa wata igiyar a kafaɗa. "In ka nutse, wallahi kwandunanka zan gada, in sai da su ga arha."

"Riƙe dai da kyau, raggo."

Ya kwanta a kan goran yadda ya saba ganin yayansa na yi, gwafa a hannu ɗaya, yana tuƙi da ɗayan. Ruwan gefe ɗumi gare shi. Yana matsawa tsakiya yana sanyi, har ya ji haƙoransa na haɗuwa, rana kuwa na dukan bayansa. Ya naɗe ƙafafunsa sama. Duk da haka yana jin abu na shafar gwiwarsa, a hankali, kamar mai tambaya.

Ya isa. Ya kama kainuwar farko ya ja, ta ƙi. Ya soka gwafa ƙarƙashinta ya murɗa, ya murɗa, har ta yi nauyi, ya ɗaga. Curin ya taso gaba ɗaya kamar murfin tukunya. Ya ture shi gefe, ya leƙa.

Sahabi yana tsaye.

Tsakanin kansa da iska bai fi tsawon hannu ba. Gashin ruwa ya naɗe shi tun daga ƙafa har wuya, yana kaɗawa a hankali, har ka ce numfashi yake. Kansa a sunkuye, yana kallon ƙasa. Gambo ya karanta abin da ya zo bakinsa, ya zura hannu ya zarga igiya ta biyu a hammatar yayansa, ya ɗaga gwafa sama.

Aka ja daga gaɓa. Igiya ta miƙe, ta ƙi. Aka ƙara hannu. Mai unguwa da kansa ya kama. Sai wani abu ya saki can ƙasa, kumfa ta taso, Sahabi ya kwanta ya fara tahowa. Gambo yana biye da shi, shi ya fara ganin dalilin nauyin.

Hannun daman Sahabi a damƙe yake, kuma ba ciyawa ya damƙa ba. Wuyan hannun wani mutum ne.

Salati ya tashi a gaɓa. Na biyun ya riga Sahabi daɗewa a ruwa, ba mai iya gane fuskarsa. A ƙugunsa akwai igiya, ta ɗauro buhunan algarara cike da ruɓaɓɓiyar kainuwa, da wani fasasshen gora mai zanen wuta a wuya. Igiyar nan ce ta harɗe ƙafar Sahabi. Ashe ranar su Sahabi ya leƙa ya ga mutum, ya sauka ya ɗauko shi, kamar yadda aikinsa ya ce. Har aka fito da su bai saki ba. Sai da liman ya tsuguna ya buɗe yatsun ɗaya-ɗaya.

Aka sake bin gida-gida a baki, kowa ya kira nasa. Ba wanda ya ɓace. Ba wanda ya san shi.

Iya ta miƙa galan da hannunta. Aka yi wa Sahabi wanka da ruwan Gusau, abin da ya rage aka zuba wa baƙon. Aka sallace su tare, aka binne su gefe da gefe kafin la'asar. Fasasshen goran kuwa Gambo ya rataye shi a reshen marke, ko wani zai zo nema.

Da aka dawo daga maƙabarta, ya tarar da ita har yanzu a gindin itacen. Can kan fako an cinna wa kashin farko wuta, hayaƙi fari mai kauri na tashi. Ya ɗebo ruwa daga gefen da aka fara sharewa, ya tace da bakin rawani, ya tafasa a gidan da ya fi kusa, ya kawo da ɗuminsa. Iya ta leƙa moɗar, ta daɗe tana leƙe. Babu ko ɗigon kore. Ta kafa kai ta sha, ta sha, ruwa na bin haɓarta. Sannan ta fashe da kukan da ta riƙe tun ranar su. Gambo ya zauna kusa da ita ya bar ta ta yi.

"Tashi mu tahi gida," ita ce ta faɗa da kanta.

Yana ɗaga ta ya ji sallama.

Wani dogon mutum ne riƙe da akalar jaki, ƙura har gwiwa, idanunsa sun faɗa. Ba su yake kallo ba. Reshen marke yake kallo.

"Wa ya rataye wanga gora?"

"Ni ne," in ji Gambo. "Ka san shi?"

"Ni na yi mishi zanen." Mutumin ya juyo. "Sunana Shu'aibu, daga wajen Mada. Ƙanena nike nema, Hamidu."

Gambo ya nuna masa hanyar maƙabarta da hannu, ya faɗa masa a taƙaice. Shu'aibu ya yi salati, ya dafa jakin. Mai unguwa da Yusha'u suka matso.

"Mi ya kawo shi tabkinmu?" in ji Attahiru.

"Labarinku munka ji, Baba. Anka ce kun samu ciyawa mai tsare ruwa, kuma kun hana a ɗiba. Shi ne ya zo da asuba ba da saninku ba. Wagga tahiya ta biyu ce."

Gambo ya tari numfashinsa. "Ta hwarin hwa?"

"Kainuwar da ya ɗebo tana cikin tabkinmu. Ta ruhe shi baki da baki. Ƙauyukan da ke kan hanya kowa ya roƙi ɗan hannu, Hamidu ba shi da rowa, ya ba su." Ya dubi hayaƙin da ke tashi a fako, ya dubi baƙin ruwan da aka yaye, kamar yanzu ne ya lura. "Don mi kunka cire taku?"

Yusha'u ya nuna ƙafar jakin. A dundunniyarsa ta baya, wani zare mai duhun kore ya naɗe, ganyensa a jere kamar haƙoran mataji. Jakin bai taka ruwan Tafkin Marke ba.

"Yaushe za ku buɗe tabki a yi su?" in ji Gambo.

"Gobe da hantsi. Babanmu ne Sarkin Ruwa, shi zai hwara shiga." Shu'aibu ya rage murya. "Abin da ya sa na biyo sawu ke nan, ban jira ba. Wani curi ya tsaya muna a tsakiyar ruwa, iska ba ta motsa shi. Na ɗauka Hamidu ne. Yanzu kun ce Hamidu na nan."

"Kun bi gida-gida?"

"Mun bi. Ba wanda ya ɓace."

Iya ta saki hannun Gambo. Ta sunkuya da ƙyar, ta ɗauko gwafar da ke jingine a gindin marke, har yanzu da danshi a bakinta, ta miƙa wa Gambo, ta nuna masa hanyar Mada da haɓa.